Daga Turmi Zuwa Injin Niƙa: Tarihin Ƙiba Da Goyon Ciki A Bakin Kwara

Shawara biyu ce mace mai juna biyu ta fi ji a ƙasarmu, daga Kano har bakin kogin Kwara. Ta farko ita ce: "Ci ki ƙara, ai ba ke kaɗai kike ci ba." Ta biyu kuma: "Zauna ki huta, kada ki wahalar da abin da ke cikinki." Uwa tana faɗa, uwar miji tana faɗa, maƙwabciya ma idan ta shigo barka da arziki sai ta maimaita. Duk da kyakkyawar niyya ake faɗar su. Sai dai kowace shawara tana da zamanin da ya haife ta. Wannan rubutu zai bi sawun waɗannan biyun ne, a ga inda suka fito, da abin da ya sa a yau suke iya zama haɗari ga macen da ta ɗauki ciki tana da ƙiba.

Wurin da za mu tsaya mu duba shi ne Tumbutu. Mai karatu kada ya zaci Tumbutun Mali ake nufi. Wannan wata gunduma ce cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanbil, a jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin, daf da kogin da ya raba ƙasar da Nijar. A tsallaken kogin garin Gaya yake. Dandawa ne suka fi yawa a yankin, tare da Fulani da Zabarmawa da Hausawa da sauransu. Abin da ya faru da matan wannan yanki cikin shekara ɗari, shi ne ya faru da matan Maraɗi da Sakkwato da Zariya, sai dai a nan sauyin ya fito fili sosai, don wuri ne da hanya ta ratsa.

Ƙasar Da Fatake Suka Ratsa

Hausawa ba baƙi ba ne a ƙasar Dandi. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fataken goro kan tashi daga Kano da Katsina, su bi ta ƙasar Kabi, su ƙetare Kwara a mashigai irin su Ilo da Gaya, su ratsa Bargu ta Kandi da Zugu, har su isa Salaga a ƙasar Gwanja. Cikin kayan da jakunansu ke ɗauka akwai tufafi da fata, akwai kuma gishiri da kanwa. Kwarin Foga, wanda ba shi da nisa da Gaya, ya daɗe da shahara wajen dafa gishiri, kwarin Boso kuma da kanwa. Ke nan mutanen bakin kogi ba su taɓa rashin waɗannan abubuwa biyu ba. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Malanbil kanta sabon gari ce idan aka gwada ta da Gaya. Sunanta na da shi ne Tasi, wato rairayi da harshen Dandi. Faransawa ne suka sa mata sunan wani gwamnansu na Dahome, Henri Malan. A 1958 aka gama gadar da ta haɗa ta da Gaya, kayan Nijar suka riƙa bi ta kanta zuwa Faraku da tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Kasuwar garin ta bunƙasa har ta shiga sahun mafi girma a duk ƙasar Benin.

Zamanin Turmi

Bari mu koma kafin gada, mu dubi yinin macen ƙauye mai ciki wata shida. Da asuba ta tashi ta nufi rijiya ko kogi da tulu, ba sau ɗaya ba. Ta dawo ta yi sussuka, ta yi sheƙa, ta yi surfe, ta wanke, ta yi daka, ta tankaɗe, ta yi ribiɗi. Idan niƙa ce, ta durƙusa gaban dutse. Da damina ta kai abinci gona, a wasu gidajen ma ta kama fartanya. Da yamma ta nemo itace. Ko matan da ke cikin kulle a birane ba zaune suke ba, don turmi da dutsen niƙa da kaɗi suna jiransu a tsakar gida. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki, sunansa aikin gida. Amma awoyi ne masu yawa na tafiya da ɗaukar kaya da ɗaga taɓarya, kullum, har ranar naƙuda.

Abin da take ci kuwa, gero ne da dawa da aka daka a gida, da wake, da miyar kuka ko kuɓewa da aka kaɗa da daddawa, da rama da zogale da tafasa, da nonon Fulani, da kifi ga na bakin ruwa. Mai kaɗan ne, na kaɗanya ko na gyaɗa. Zaƙi kuma sai zuma da rake da 'ya'yan itace, su ma ba kullum ba. Irin wannan mace matsalarta ita ce rama da ƙarancin jini. A wurinta, "ci ki ƙara" da "zauna ki huta" magani ne na gaskiya, kuma wanda ya faɗa mata haka ya so ta da rai.

Yunwa Ce Ta Ba Ƙiba Daraja

Kada a manta da irin shekarun da kakanninmu suka gani. A 1913 zuwa 1914 aka yi yunwar da Hausawa suka kira Kakalaba, Zabarmawa kuma suka kira ta Gande Beri. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, mutane da yawa suka mutu, wasu suka watse. Aka sake shiga wani fari a 1973 zuwa 1974. Na 1984 zuwa 1985 kuwa, mutanen Nijar suka raɗa masa suna El Buhari, saboda ya zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya. Ban da waɗannan manyan, kowace shekara akwai ƙaramar yunwar tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, aikin gona kuma ya yi tsanani.

Al'ummar da ta sha irin wannan ba abin mamaki ba ne ta ɗauki ƙiba a matsayin tutar arziki. Idan amarya ta yi wata uku ta murje, sai a ce mijin ya iya kiwo. Idan ta rame, sai dangi su fara bincike. A ƙasar Zabarma akwai al'adar hangandi, inda mata kan ɗura wa kansu abinci na tsawon makonni, sannan a taru a ga wadda ta fi cika. Larabawan Azawak na Nijar kan yi wa 'yan mata ɗura da madara da fura tun suna ƙanana, abin da wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta rubuta littafi a kai a 2004. Mu Hausawa namu salon shi ne goyon ciki da jego: a kai mai cikin fari gidan iyayenta, idan ta sauka a yi kwana arba'in ana kauri da farfesun ƙafar sa da tuwo mai yaji da kunu, don ta koma ɗakinta ta yi ɓul-ɓul. Cikar jikinta shaida ce cewa gidansu ba a kwana da yunwa.

Zaƙi Da Kanwa

Sai dai rashin adalci ne a ce mutanen da ba su san haɗarin cin abin da ya wuce kima ba. Tsofaffin mata sun daɗe suna hana mai tsohon ciki shan zuma da rake da sukari. Sukan ce zaƙi yana taruwa a mara ya tare hanya, naƙuda ta yi tsawo. Bayaninsu ya bambanta da na likitoci, amma sun hango wani abu na gaske. A yau an san cewa idan sukari ya yi yawa a jinin uwa, yakan ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan, ɗan ya yi girma fiye da kima, har kafaɗarsa ta maƙale wajen fita. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Inda gyara yake shi ne saƙe-saƙin da ake jiƙawa da sunan maganin zaƙi, domin babu wanda ya san ƙarfinsu balle adadin da ya dace. Rage sukarin shi ne maganin, sai kuma gwajin jini.

Kanwa kuwa labarinta dabam. Bayan haihuwa, mai jego kan yi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ta kwanta kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ta sha kunun kanwa don a kori sanyi a kawo ruwan nono. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin jegon zamaninta. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wasu likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura cewa mata da yawa na zuwa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki da tari, zuciyarsu ta gaza. Suka bi mata 224, suka buga sakamakon a 1978. Sun danganta ciwon da yawan sinadarin gishiri da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, da kuma zafin wanka da na gado da ke ƙara wa zuciya aiki. An ƙiyasta cewa a yankin ciwon na kama wajen mace ɗaya cikin kowace ɗari da suka haihu, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya.

Bincike bai tsaya nan ba. Aikin da aka yi a Yamai, da wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa suka yi daga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, sun nuna cewa ba al'ada kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Akwai talauci da rama, da hawan jinin ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Amma wani abu bai canza ba: macen da ke da hawan jini, gishiri mai yawa yana ƙara mata shi, ita kuwa mai ƙiba ta fi kusa da hawan jini.

A Zariyar dai, Farfesa Kelsey Harrison ya tattara bayanan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga a 1985. Babban abin da ya fito shi ne matan da ba su je awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, sun fi mutuwa nesa ba kusa ba a kan waɗanda suka yi awo.

Da Kiɗa Ya Canza

Yanzu mu koma bakin Kwara bayan gada. A shekarun 1970 aka gyara fadamar Malanbil don noman shinkafa na ban ruwa, fili fiye da kadada 500. Ban da ta gida, shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano ta riƙa kwarara arewa cikin manyan motoci. Tare da ita aka samu sukari da fulawa da taliya da madarar gwangwani da man jarka da lemon kwalba. Dunƙulen Maggi da ire-irensa, wanda wajen rabinsa gishiri ne, ya ture daddawa gefe a tukwane da yawa. Injin niƙa ya shiga kusan kowane ƙauye. Famfon burtsatse ya matso da ruwa kusa da gida. Babur ɗin haya, da ake kira zemijan a Benin, kabu-kabu a Nijar, ya ɗauke tafiyar ƙafa.

Babu mai hankalin da zai yi kukan waɗannan abubuwa. Injin niƙa ya 'yanta mata daga wahalar da ta tsufar da iyayensu tun suna da ƙuruciya. Abin lura kawai shi ne aikin ya ragu, abincin ya ƙara maiƙo da zaƙi da gishiri, amma shawarar nan guda biyu tana nan yadda take tun zamanin Kakalaba. Har ma an samu ƙari: ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda ake sayarwa a kasuwanni ba tare da takardar likita ba. Da yawansu suna tara ruwa a jiki, su ɗaga sukari da hawan jini.

Shi ya sa a yau a layin awo ɗaya za ka ga mata iri biyu. Ga wadda ta fito daga rugga ko tungar masunta, ramammiya, jininta ya yi ƙasa. Ga kuma matar ɗan kasuwa ko ita kanta 'yar kasuwar, wadda ke yini zaune a rumfa, nauyinta ya haura kilo 90. Ta farko tana bukatar tsohuwar shawara. Ta biyun kuwa, ita ce ke fuskantar ciwon sukarin ciki, da hawan jinin da kan kai ga jijjiga, da doguwar naƙuda, da zubar jini, da tiyata. Gwamnatin Benin ta mai da tiyatar haihuwa kyauta tun 2009, kuma akwai babban asibitin yanki a Malanbil. Duk da haka, wanda ya san hanyoyin ƙauyukan bakin kogi da damina ya san cewa isa asibitin ma wani aiki ne.

Su Ma Likitocin Turai Sun Yi Ta Lalube

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mu kaɗai muka yi ta kai da kawo a wannan batu. A 1889 wani likitan Jamus, Ludwig Prochownick, ya fito da tsarin rage wa mai ciki abinci da ruwa a makonnin ƙarshe don ɗan ya yi ƙanƙanta ya fita da sauƙi. Shekaru da dama bayansa likitocin Amurka suna tsawata wa mata kada su ƙara fiye da 'yan kilo kaɗan. Sai yaƙi ya koya wa duniya darasi. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka datse abinci ga yammacin Holan, mutane suka shiga yunwa. Da aka bi 'ya'yan da ke cikin ciki a lokacin, sai aka tarar da yawansu sun girma da ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya. Wato yunwar uwa tana bin ɗa har tsufansa. A 1970 masana a Amurka suka janye tsohon takunkumin.

Motsa jiki ma haka. A 1985 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce kada bugun zuciyar mai ciki ya wuce 140 a minti. A 1994 ta cire wannan iyaka. A 2009 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta fitar da ma'aunin da ake amfani da shi har yanzu, sannan a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki mai lafiya ta samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Bayan doguwar tafiya, sai ga ilimin zamani ya sauka kusa da inda kakarmu mai turmi take tsaye, ban da yunwarta da wahalarta.

Abin Da Ya Rage Wa Macen Yau

Yadda ake gane ƙiba a asibiti shi ne a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 80 kafin ciki, lissafinta ya kama 31. Daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya ɗara kima, ana so ta ƙara kilo 7 zuwa 11 da rabi a duk tsawon cikin. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce sosai, ana so ƙarin ya tsaya tsakanin kilo 5 da 9. A lura da kyau: ƙari aka ce. Lokacin ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne, don haka babu zama da yunwa, babu shayin rage tumbi. Mai son yin azumi ta fara shawara da likita, malamai kuma sun yi bayanin rangwamen da addini ya yi mata.

Batun ci na mutum biyu kuwa, a watanni ukun farko jiki ba ya bukatar ƙarin abinci. Daga baya ma ƙarin bai wuce kwatankwacin ƙaramin kwanon wake da kofin nono a yini ba. Abin da ake nema yana nan a kasuwar Malanbil: gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba, wake, kwaɗon zogale, alayyafo, yakuwa, albasa da tumatir, karfasa da tarwaɗa a dafa ko a gasa maimakon a soya, ƙwai dafaffe, cukun wagashi da aka dafa, da nonon da aka tafasa madararsa. A rage malmalar tuwo da tudun shinkafa, a ƙara ganye. Fura da koko da shayi a sha su ba tare da an zuba musu sukari cokali-cokali ba. Lemon kwalba a bar shi. Gishiri, har da na dunƙule da kanwa, kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo a sha ta, domin mai ƙiba ma tana iya rashin jini.

Minti 150 ɗin nan ba wani abin tsoro ba ne, rabin awa ne sau biyar a mako. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10 ko 15. Tafiyar ƙafa ta isa, ko zagaya tsakar gida, ko shara, ko surfe marar tsanani. Ma'auninsa shi ne ta iya hira tana yi. Idan magana ta gagara saboda haki, ta sassauta. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, sai a zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a riƙe ruwan sha. Littattafan Turai suna yabon iyo, amma ruwan kogi da tafkuna a yankinmu yana ɗauke da tsargiya, ga kuma santsi. A guji ɗaukar kaya mai nauyi, da doguwar kwanciya rigingine bayan wata huɗu. Idan aka ga jini, ko ruwa ya fashe, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko motsin ɗa ya ragu, a bar komai a nufi asibiti. Wadda aka ce mabiyiyarta ta sauko ƙasa, ko bakin mahaifarta ba ya riƙe ciki, ko tana da ciwon zuciya, sai abin da likita ya ce.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas. A nan ne ake auna hawan jini, a nan ne ake gwajin sukari tsakanin mako na 24 da na 28. Darasin da Harrison ya samo a Zariya ke nan, kuma bai tsufa ba.

Maganar ƙarshe ta iyaye mata ce da mazaje, domin su ke riƙe da ludayi da aljihu. Mai ciki ba ta iya ƙin kwanon da uwar mijinta ta aiko, ba ta kuma iya fita tafiyar yamma idan maigida bai yarda ba. Iya, idan surukarki ta rage tuwo ta ƙara ganye, ba raina girkinki ta yi ba. Malam, idan aka ce matarka ta riƙa tattaki, raka ta, ko ka sa ƙanwarka ta raka ta. Kakanninmu sun dubi macen da ke gabansu, suka ga yunwa da gajiya, suka ce ta ci ta huta. Koyi da su shi ne mu ma mu dubi wadda ke gabanmu da kyau kafin mu buɗe baki. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa.